Injin huda mai batir domin aikin gida: na wane kamfani ya fi dacewa a saya?

Malamin makaranta, Katsina

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa riƙe injin huda mai batir, irin wanda ba a jona shi da wuta lokacin aiki, domin ina so in sayi guda ɗaya saboda ƙananan ayyukan gida, kamar rataya labule, kafa kanta a bango, ɗaure ƙofar kabad da ta saki da gyaran gadon yara. Na fi karkata ga mai batir ne saboda yanayin wutar unguwarmu, wadda sau da yawa ba ta zuwa sai tsakar dare, lokacin da bai dace mutum ya tashi maƙwabta da ƙarar inji ba. A shaguna na ga Makita, Bosch, DeWalt, Ingco da Total, na kuma ga wasu marasa sanannen suna waɗanda kuɗinsu bai kai rabin na sauran ba. Ina roƙon kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa a wajen aiki.

Kafinta, Zariya

Wa alaikumus salam, Malam. Na daɗe ina cin abinci da injunan Makita masu batir 18V, tsarin da wannan kamfani na Japan yake kira LXT, wanda ya fito da shi tun 2005. Abin da zan fara gaya maka shi ne, ranar da ka biya kuɗin injin farko, ka ɗaure kanka da batirin wannan kamfani ke nan, domin yawancinsu suna ƙera bakin batirinsu daban, na Makita ba ya shiga jikin DeWalt, na DeWalt kuma ba ya shiga jikin Bosch. Gobe idan buƙatar ƙaramin zarto ko injin yankan ƙarfe ko fitila ta taso, za ka so ka sayi gangar jikin injin kawai ka sa masa batirin da kake da shi, tunda batir da caja su ne suke cinye kaso mai tsoka na kuɗin. Ni da batura biyu nake tafiyar da injin huda, injin ɗaura sukuru da zarto, kuma ban taɓa jin an takura ni ba.

Abu biyu ne suka zaunar da ni a kan wannan kamfani. Na farko shi ne cajarsa mai sauri, wadda take da fanka a ciki tana hura wa batir iska yayin da yake cika, kuma cikin minti 45 take cika batir mai 5.0Ah, lambar da ke nuna yawan cajin da batir yake ɗauka. Wanda yake zaune inda ake kawo wuta ta yi awa guda a ɗauke ya san darajar wannan. Na biyu kuma kayan gyaransa ba sa wuyar samu, ko makunni ne ko kabon, wato ɗan gawayin da ke kai wuta ga ɓangaren da yake juyawa a cikin injin, domin masu gyara sun saba da cikinsa. Sai dai ka kula, Makita yana da wani jerin injuna masu sauƙin kuɗi da ake kira G-series, su ma an rubuta musu 18V, amma batirinsu ba ya shiga injunan LXT. Ka duba rubutun da ke jikin kwali kafin ka miƙa kuɗi. Ba zan ɓoye maka ba, kuɗin na asali yana da nauyi ga wanda labule da kanta kawai zai rataya.

Mai haɗa sola, Kano

Babanmu na Zariya ya yi gaskiya a kan maganar batir, amma ina da ɗan ja a kan sunan kamfanin. Shi yana aiki da injinsa daga safe har la'asar, shi kuwa Malam wataƙila sai a yi mako biyu bai ɗauko nasa ba. Ni Ingco nake riƙewa, wanda ake ƙerawa a China, da shi nake hawa kan kwano ina ɗaure allunan sola, da shi nake huda bulo ina kafa akwatin inbata, kuma har yau yana biya mini buƙata. Ban ce ya kai Makita juriya a hannun mai aikin yini guda ba, amma a aikin gida ban ga inda zai gaza ba, ga shi kuma a Kano idan ka shiga Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari ba ka rasa batirinsa da cajarsa. Abokan aikina da suke riƙe Total su ma ban ji suna kuka ba.

Inda nake so Malam ya buɗe ido sosai shi ne lambobin da ake rubutawa a jikin batir. Ingco da DeWalt na Amurka suna rubuta 20V, Makita da Bosch suna rubuta 18V, sai mai saye ya ɗauka na farkon ya fi ƙarfi, alhali abu ɗaya ne. A cikin batirin akwai ƙwayoyi biyar da aka jera, kowace tana ba da 3.6V a lokacin aiki, jimilla 18 ke nan, sa'annan idan an cika ta da caji tana kai wajen 4V, jimilla 20. DeWalt ɗin da ake sayarwa a Amurka da sunan 20V MAX shi ne ake sayarwa a Turai da lambar 18V. Saboda haka duk ƙaramin injin da ka ga an lafta masa 48V ko 88V, alhali batirinsa bai fi na sauran girma ba, to, ƙarya aka rubuta, kuma wanda ya yi maka ƙarya a kan kwali ba ka da dalilin amincewa da abin da ya sa a ciki.

Lambar da ta fi amfani ita ce Ah, wadda take kamar girman tankin mai a babur. Batir 18V mai 2.0Ah yana ɗauke da 36Wh, wato ma'aunin yawan wutar da ya adana, mai 5.0Ah kuma 90Wh, amma babban ya fi nauyi a hannu domin ƙwayoyi goma ne a cikinsa. Ga mai aikin gida na fi son ƙanana guda biyu a kan babba guda ɗaya, domin yayin da ɗaya yake aiki ɗayan yana jiran wuta a kan caja.

Uwargida, Kaduna

Bari in sa baki a matsayin wadda aikin gida kawai take yi da shi, tunda maigidana matafiyi ne kuma ba kowane ƙaramin gyara ne zan jira kafinta ba. Yayana ne ya kawo mini Bosch mai launin kore daga Ingila, kuma na ji daɗin cewa kan cajarsa mai baki uku ya shiga soket ɗinmu kai tsaye, domin wutarsu da tamu duk 230V ce. Tun lokacin ya faɗakar da ni cewa Bosch na Jamus iri biyu ne, kore na masu aikin gida da shuɗi na masu sana'a, kuma batirin 18V na koren ba ya shiga shuɗin duk da sunan kamfani ɗaya ne.

Abin da ba a ambata ba tukuna shi ne nauyi. Rataya labule aiki ne da ake yi a kan kujera ko tsani, hannu a sama, kuma injin da ya yi maka daidai a kan teburin shago yana iya gajiyar da kafaɗa cikin ɗan lokaci. Malam ya ɗaga shi sama da kansa a shagon tare da batirinsa kafin ya yanke shawara, musamman idan iyalinsa ma za su riƙa amfani da shi. Ya kuma tabbatar akwai alamar guduma a zoben da ke bayan bakin injin, domin wanda ba shi da ita katako da ƙarfe kawai yake hudawa da kyau. Nawa yana ratsa bulo ba wahala, amma a saman taga, daidai inda ake kafa sandar labule, akwai kankaren linta, kuma nan ne ƙaramin inji yake tsayawa. Idan na ci karo da wannan, nakan ɗaga ramin sama kaɗan in wuce kankaren, idan bai yiwu ba in kira mai babban inji mai waya irin wanda ake kira SDS.

Mai gyaran injuna, Panteka, Kaduna

Hajiya ta taɓo maganar wuta, kuma nan ne nake so in tsaya, domin mafi yawan abin da ake kawo mini gyara caja ce da batir, injin kansa bai cika mutuwa ba. Ana shigo da injunan gwanjo masu kyau daga Amurka, DeWalt da Milwaukee da Ryobi, na asali ne kuma suna da ƙarfi, amma wutar Amurka 120V ce, cajar da take zuwa da su kuma galibi wannan wutar kaɗai aka yi ta dominta. Mutum ya kai gida, ya sa mata kan da zai shiga soket, ya jona, nan take ta ƙone. Duk wanda zai sayi na gwanjo ya juya bayan caja ya karanta. Idan ya ga 120V kaɗai, to, sai da ƙaramin taransifoma mai rage wuta, ko kuma ya nemi cajar da aka yi wa 220 zuwa 240V. Ya kuma sani batirin gwanjo ya riga ya ci wani kaso na rayuwarsa a hannun wani, don haka ya yi ciniki kamar gangar jiki kawai yake saye.

Janareta ma yana kashe caja, musamman ƙananan nan da wutarsu take hawa da sauka, haka nan wutar Nepa da take dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke. Ina shawartar mutane su cire caja daga soket da zarar batir ya cika, su kuma bi da ita ta sitabilaiza idan suna da shi.

Sai maganar jabu, wadda ta fi damuna, domin kamfanonin da suka fi suna su ne aka fi kwaikwayo. An sha kawo mini inji mai launi da tambarin wani babban kamfani, in buɗe in tarar da giya ta roba da siraran wayoyi, batirin kuma ƙwayoyi ne marasa suna. Wani bawan Allah ya kawo mini irinsa batirin ya kumbura har murfin ya tsage, kuma Allah ne ya kiyaye bai kama wuta a ɗakin yaransa ba. Batirin asali mai 5.0Ah ya haura rabin kilo, don haka idan ka ɗaga ka ji shi sakayau, ka ajiye. A wurina na asali daga ƙaramin kamfani ya fi jabu mai babban suna nesa ba kusa ba. Ka saya wurin dillalin da zai ba ka rasit mai lambar injin da garanti a rubuce, wanda kuma za ka same shi a shagonsa idan ka dawo.

Ma'aikacin lafiya, Maraɗi

Ni abin da na gani shi ne illar zafi. Maƙwabcina yana barin akwatin injinsa a but ɗin mota cikin bazara, kafin damina ta kama baturansa sun daina riƙe caji, alhali nawa da nake ajiyewa a ƙuryar ɗaki suna nan lafiya, kuma kamfani ɗaya ne. Idan zan daɗe ban yi aiki ba, ina barin batirin da kamar rabin caji, in cire shi daga jikin injin. Idan kuma ya yi zafi bayan aiki, ina barinsa ya huce kafin in ɗora shi a caja. Mu a nan soket ɗinmu mai baki biyu ne irin na Faransa, don haka wanda ya sayo daga Kano ko Katsina zai buƙaci sauya kan caja kawai, wutar ba ta da matsala.

Malamin makaranta, Katsina

Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Saura tambaya guda ga Malam mai gyara: wani mai shago ya nuna mini wanda ya ce ba shi da kabon, kuma kuɗinsa ya ɗara na sauran. Shin ya cancanci ƙarin?

Mai gyaran injuna, Panteka, Kaduna

Mara kabon ba ya ɗaukar zafi kamar mai kabon, yana daɗewa da caji, kuma babu kabon da zai cinye a cikinsa, saboda haka masu sana'a suke son sa. Amma allon lantarki ne yake sarrafa shi, idan kuwa allon ya lalace, sai dai a sauya shi gaba ɗaya, kuma ba ko'ina ake samunsa ba. Mai kabon gyaransa yana da sauƙi, kuma a irin aikin da ka lissafa, Malam, za ka yi shekaru kabon ɗinsa bai cinye ba. Idan kuɗinka a ƙididdige yake, ka ɗauki mai kabon na asali mai alamar guduma, wanda bakinsa yake kama har milimita 13, rarar kuɗin kuma ka sa ta a batir na biyu da bakunan huda masu kyau, na bulo daban, na ƙarfe daban, na katako daban. Kafin ka bar shagon ka sa a jona cajar a gabanka ka ga fitilarta ta kama, ka ɗaura dogon baki ka kunna injin ka duba ko yana karkarwa, sa'annan ka tambayi farashin batir shi kaɗai, ka kuma sa a nuna maka shi a kan kanta.