Neman kalma: idan manhaja ta yi wa kod gyara da kanta

Mai_Fassara: Assalamu alaikum. Gobe da safe zan miƙa fassarar darasin ɗaliban kwamfuta, kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: readability. Darasin kan manhajojin da ke gyara kurakuran kod (umarnin da ake rubuta wa kwamfuta) da kansu ne, irin GenProg ta 2009 da SapFix da Facebook ta fito da ita a 2018. Gyaran da suke yi, wato faci, yakan ci gwaji, amma injiniyan da zai amince da shi ya kasa gane abin da aka taɓa: sunaye marasa ma'ana, layin da aka kwaso daga wani wuri aka liƙa, sharaɗi cikin sharaɗi.

Injiniya_Zazzau: Karantuwa. Kamar gyaruwa da yiwuwa. "Facin ya karantu."

Malamar_Hausa: Ni dai sauƙin fahimta. Karantuwa rubutun hannu take kawo wa mutum a rai.

Injiniya_Zazzau: Malama, fahimta tana da faɗi. A 2015 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun bi facin GenProg ɗaya bayan ɗaya, suka tarar yawancinsu ba gyara ba ne, goge wani aikin manhajar kawai suka yi don gwaji ya wuce. Da ido ake kama irin wannan, kuma ido ba ya kamawa sai rubutun ya karantu. Dole ɗalibi ya raba uku: ya ci gwaji, ya karantu, ya yi daidai.

Dattijon_Sakkwato: Kafin nan, wane ne faci? Turanci ne aka sa wa hula. Muna da maho, me ya hana?

Malamar_Hausa: Baba, ai manhaja ma daga Larabci muka aro.

Dattijon_Sakkwato: Wancan ya zauna. Ku 'yan boko da kun ji kalmar gida sai ku ga ƙauyanci.

Injiniya_Zazzau: Ranka ya daɗe, ba raini ba ne. Yaron da ya taɓa kai keke wurin mai faci ya gane nan take. Maho sai ya tambayi kakarsa.

Dattijon_Sakkwato: To ya tambaye ta mana! Haka harshe ke rayuwa.

Mai_Fassara: Jama'a, lokaci. Na ɗauki karantuwa, da bayanin Malama a farkon ambato. Faci a jiki, maho a jerin kalmomin ƙarshe.

Malamar_Hausa: Ban gamsu ba, amma miƙa.

Dattijon_Sakkwato: A bugu na gaba a juya su.