Abin da Muka Tsinta Kan Dashen Haƙori

A hirar da muka yi kan giɓi, an ce dashen haƙori kashi uku ne: sukuru na ƙarfen titaniyam da ke maye gurbin saiwa, mahaɗi a kansa, sai hular da ake gani kamar haƙori. Likita zai ɗauki hoton muƙamuƙi, ya yi allurar kashe zafi, ya tsaga dasashi ya dasa sukurun a ƙashi. Daga nan sai haƙuri, wata 3 zuwa 6, har ƙashi ya kama ƙarfen. In ƙashin ya zaizaye, sai an yi wa ƙashin ciko tukuna kafin a dasa sukurun.

Wani dattijo ya ce, "Malam, mai shan taba ya bari kafin a fara." Gaskiyarsa, taba na hana warkewa. Mai ciwon suga kuma ya daidaita shi.