Neman shawara: wace unguwa zan sauke mahaifiyata a birnin Fas?

Mai tambaya, daga wani ƙauye a ƙasar Ringim:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da yayyena da ƙannena, ina neman shawararku a kan wata tafiya da ta daɗe a raina. Mahaifiyata ta haura shekara 70, ta sauke farali tun mahaifinmu yana raye, kuma abin da ya rage mata, wanda take ambata kusan kullum bayan wazifa, shi ne Allah ya kai ta Fas ta ƙasar Maroko ta ziyarci Shehu Ahmadu Tijjani. Bana Allah ya sa wa riɗi albarka, na haɗa kuɗinsa da na bijimai biyu da na turke, na ga cewa idan ban kai ta yanzu ba, ban san ko ƙafarta za ta ƙara ba mu wata dama ba. Mu huɗu ne: ni da Hajiya da maiɗakina da ƙanwata, kuma muna so mu yi kwana goma a watan Janairu, ƙanena ya riƙe mini gonar rani.

Maganar biza da tikiti tana hannun wanda ya san aikin a Kano. Abin da ya tsaya mini shi ne masauki. An nuna mini hotunan gidaje a Airbnb da Booking, manhajojin neman masauki na intanet, kusan dukkansu a kusa da wata ƙofa mai shuɗin ado da ake kira Bab Bu Jalud, amma na lura wurin cike yake da 'yan yawon buɗe ido da gidajen cin abinci. Hajiya ba za ta ji daɗin irin wannan wuri ba. Ba ma son otal, gida muke so mai ɗakin girki, domin tana da hawan jini kuma ba ta cin abincin waje. Gwiwarta ma tana damunta, har a kan kujera take salla. Waɗanda suka san garin, wace unguwa ce ta mutanen gari, mai natsuwa, wadda ba ta yi nisa da zawiya ba? Kuma me zan tambayi mai gida kafin in biya?

Amsar wani malamin makaranta daga Gumel:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya saka maka da alheri a kan wannan niyya, ya sa 'ya'yanka su yi maka fiye da haka. Na je Fas sau uku, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne ka ajiye hotunan nan tukuna, ka fahimci yadda garin yake zaune, domin wanda bai san wannan ba zai iya kama gida mai kyau ƙwarai amma ya zame wa Hajiya kurkuku.

Fas gari uku ne a haɗe. Akwai tsohon birni na cikin ganuwa, Fas al-Bali, inda masallacin Ƙarawiyyin yake, wanda Fatima al-Fihriyya ta assasa a shekarar 859, da kabarin Maulaya Idrisu na biyu, da zawiyar Shehu, wanda ya zauna a garin daga 1798 har ya rasu a 1815. Akwai Fas Jadid, wadda sarakunan Banu Marin suka kafa a 1276, can fadar sarki take. Sai sabon gari da Faransawa suka gina bayan 1912, inda tashar jirgin ƙasa da manyan tituna suke. Ziyararku duk a cikin tsohon birni take, kuma mota ba ta shiga lungunansa. Alfadari da jaki da kura su ne ke ɗaukar kaya, idan ka ji an ce “balak” sai ka raɓe jikin bango.

Abu na biyu, wanda hoto ba ya nunawa, shi ne tsohon birnin a cikin kwari yake. Bab Bu Jalud tana can sama ta yamma, daga nan hanyoyi biyu, Ɗala'a Kabira da Ɗala'a Sagira, suke gangarawa har Ƙarawiyyin. Zuwa zawiya gangara ce, dawowa kuwa hawa ne mai tsawo wanda ko matashi sai ya yi haki. Saboda haka, ko da babu baƙi masu kyamara a wurin, ban ga yadda mai ciwon gwiwa za ta riƙa wannan zirga-zirga kullum ba.

Ni shawarata ka nemi gida a kewayen Rasif. Fili ne a ƙasan kwarin, kuma yana cikin wurare kaɗan da tasi da bas suke shigowa har tsakiyar tsohon birni. Kasuwarsa ta cefane ce ta mutanen gari: nama, kifi, kayan lambu, zaitun, gari. Daga nan za a bi ta Saffarin, inda maƙeran tagulla suke, a raɓa Ƙarawiyyin a isa zawiya, tafiyar da ba ta da tsawo ga mai lafiya, ga Hajiya kuwa sai a yi ta a hankali da hutawa. Tsallaken rafin da ya ratsa tsohon birnin kuma unguwar Andalusawa ce, wadda ta samo sunanta daga mutanen da suka yi ƙaura daga Kurɗuba, kuma ita ce ɓangaren da baƙi suka fi ƙaranci. A can za ka ga yara suna kai ƙullin burodi gidan gashi, ka ga dattawa a ƙofar masallaci, kamar dai cikin birnin Kano da hantsi. Sai dai ka kula, ita ma unguwar tana hawa tudu har Bab Futuh, don haka gidan da ke bakin Rasif za ka nema, kada ka yarda da wanda ya yi sama.

Amsar wata Hajiya daga Dambatta:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Malam ya yi maka bayanin unguwa, ni kuma zan yi maka na cikin gida, domin na kai surukata kuma na ga abin da na gani. Mun zaɓi gida ne saboda kyan tsakar gidansa a hoto, da muka isa sai muka tarar ɗakunanmu suna hawa na uku, matattakalar kuma siririya ce mai lanƙwasa, kowace taka ta kusa kai rabin ƙwauri. Tsohuwa ta hau sau ɗaya da taimakon mutum biyu, ta ce ba za ta sake ba, muka kwana muna neman mafita har mai gidan ya tausaya ya mayar mata da falon ƙasa wurin kwana. Haka tsofaffin gidajen garin suke, tsayi suke yi sama, ba su da faɗi. Saboda haka tambayarka ta farko ita ce ko akwai ɗakin kwana da banɗaki a ƙasa, ba tare da hawa ko taka ɗaya ba. Kada ka karɓi amsar baki, ka ce ya ɗauko maka bidiyo tun daga inda tasi ke tsayawa, ya bi lungun da ƙafa, ya shiga gidan har cikin banɗakin. A nan za ka ga nisan, ka ga ko akwai matattakala a lungun, ka ga irin masan, domin mai ciwon gwiwa ba za ta iya na tsuguno ba.

Sai maganar sanyi, wadda nake roƙonka kada ka raina ta. Janairu tsakiyar sanyinsu ne, da dare yakan sauko wajen digiri 5, ga ruwan sama, kuma sanyin mai laima ne, ba irin hunturunmu busasshe ba da rana ke kore shi da hantsi. An gina gidajen ne domin su riƙe sanyi lokacin zafi, ga tsakar gida a buɗe ta sama, ga daɓen tayil. Ka tambaya ko an rufe saman tsakar gidan, ko akwai na'urar ɗumama ɗaki a ɗakin da Hajiya za ta kwana, da ruwan zafi a kowane lokaci domin alwalar asuba, da ko kuɗin wutar yana cikin kuɗin haya. Da za ka iya ɗaga tafiyar zuwa Maris ko Afrilu, da na fi so mata haka.

Game da girki, ka tabbatar ɗakin girkin naku ne ku kaɗai. Wasu gidajen ɗaki-ɗaki suke bayarwa, su rubuta akwai wurin girki, alhali na ma'aikatan gidan ne. Ku tafi da kukarku da busasshiyar kuɓewa da garin kunu a ƙulle da kyau, sauran cefane yana nan a Rasif. Magungunanta kuma na kwana goman da ƙari su kasance a jakar hannu tare da takardar likita.

Amsar wani matashi daga Kazaure:

Yaya, ni ina ganin duk wannan wahala za ta kau idan ka kama gida a sabon gari. Akwai benaye masu na'urar hawa, tasi yana tsayawa a ƙofar gida, asibitoci da kantunan magani suna kusa, kuma can ma'aikata da 'yan kasuwar garin suke zaune, baƙi ba su cika damuwa da wurin ba. Kullum sai ku hau tasi zuwa Rasif. Abu ɗaya da za ka sa a lissafi shi ne ƙananan tasin garin, jajaye, mutum uku kawai suke ɗauka, ku kuma ku huɗu ne, ke nan mota biyu a kowace fita.

Amsar wani dattijo daga Kafin Hausa:

Ɗana, yaron nan ya faɗi gaskiya ta fuskar sauƙi, amma ban goyi bayansa ba. Baiwar Allah nan ba hutu za ta je yi ba. Shekaru ta yi tana roƙon wannan ziyara, kuma abin da za ta so shi ne ta ji kiran salla daga masallatan tsohon gari, ta zauna a zawiya har ranta ya natsu, ta dawo gida ta huta, ta sake komawa wazifa ba tare da an tsaya neman mota ba. Idan kuna sabon gari, fita ɗaya za ku riƙa yi a yini, ranar da aka yi ruwa kuwa ba za ku fita ba sam.

Ni a Balida na sauka, unguwar da zawiyar take cikinta. Mutanen wurin sun saba da baƙin Afirka ta Yamma, musamman 'yan Senegal, akwai gidajen da suke ba masu ziyara haya, kuma ba wanda zai tsaya kallon shigarku. Ranar Juma'a bayan la'asar, lokacin zikiri, ba ka da abin da ya fi a ce taku kaɗan ne tsakaninka da ƙofar zawiya. Amma ba zan ɓoye maka aibinta ba. Majemar Shuwara, wadda ita ce mafi shahara a garin, tana dab da unguwar, kuma wanda ya taɓa ratsa Majema a Kano ya san abin da nake nufi, ko da yake da sanyi warin yana raguwa. Hanyar zuwa majemar kuma ita ce 'yan yawon buɗe ido suke bi da rana, tare da samarin da ke tare mutum su ce za su yi masa jagora. Gidan da ke kan wannan hanya ba shi da natsuwar da kake nema, sai wanda ya shige cikin lungu. Kuma da yawa daga ɗakunan masu ziyara ba sa kan intanet, ta hannun muƙaddamai ake samunsu. Ka je wurin muƙaddamin garinku, da wuya a rasa wanda ya sani a can.

Amsar wani ɗan kasuwa daga Maigatari:

Alhaji, zan ƙara kaɗan a kan kuɗi da isowa. Idan ta intanet ka kama, ka biya ta cikin manhajar, kada ka tura wa kowa kuɗi ta gefe don an ce za a rage maka, kuma ka zaɓi gidan da za a iya fasawa a dawo da kuɗi, tunda biza ba ta fito ba tukuna. Ka karanta abin da waɗanda suka sauka a watannin sanyi suka rubuta, su ne za su gaya maka gaskiyar ɗumin gidan. Akwai harajin kwana da ake karɓa a kan kowane baƙo, ka tambaya ko yana cikin farashin, kuma za a nemi fasfo ɗin kowa a rubuta, wannan ƙa'ida ce. Cikin tsohon birni da tsabar dirhami ake ciniki. Idan a Kasablanka jirginku ya sauka, daga can zuwa Fas kusan awa huɗu ne a jirgin ƙasa, saboda haka ku tsara isa da rana, kuma mai gida ya turo wanda zai tare ku a Rasif da kura, domin lungunan suna rikita taswirar waya. Cefanen Juma'a ku yi shi tun Alhamis, shaguna da yawa ba sa buɗewa ranar.

Mai tambaya:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na karanta wa Hajiya amsoshinku bayan magariba, kuma da na zo kan maganar sabon gari sai ta ce ita ba benaye za ta je gani ba, don haka ƙanena na Kazaure ka yi haƙuri, an kayar da mu. Na tsayar da shawara zan nemi gida mai ɗaki da banɗaki a ƙasa tsakanin Rasif da zawiya, in kuma ban samu ba, in duba bakin unguwar Andalusawa. Gobe in Allah ya kai mu zan je wurin muƙaddaminmu kamar yadda Baba ya ce. Hajiya ta Dambatta, maganarki ta sanyi ta shige ni, na kira mai tikiti ya duba mana ƙarshen Maris. Malam na Gumel, idan na samu bidiyon gidaje biyu ko uku zan turo maka, ka taimaka ka duba mini wanne ne lungunsa ba shi da matattakala.