Mussata ta addabi kujerun salon da yakushi, ya zan yi da ita?

'Yar Zango:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu kiwon kyanwa ku taimaka min da shawara don abin ya kusa fin ƙarfina. Ina da wata 'yar mussa watanta wajen bakwai, tun tana 'yar mitsitsiya na ɗauko ta daga gidan innata a Birni, ta saba da ni sosai in zan fita har bakin ƙofa take rako ni, kuma tunda ta zo ban sake ganin ɓera a ɗakin hatsi ba. Matsalar ita ce yakushi. Kujerun salon (falo) da iyayena suka yi min na aure, hannun guda ɗaya ta yage shi har soso ya fara leƙowa, ga tim-tim na fata da kakata ta bar min duk ta zane shi da ƙumba, labule kuwa hawansa take yi har sama ta maƙale, yanzu kuma ta koma kan sange ta fara huda shi ga damina ga sauro. Da dare in an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, muka fito tsakar gida sai ta dinga guje-guje tana kai wa ƙafafun yara cafka.

Maigida ya ce a kai ta ƙauye a huta, Hajiya uwar mijina kuma ta ce ko dai a dinga make ta har ta bari ko a nemi wanda zai cire mata ƙumbar gaba ɗaya. Ni wallahi ba na son rabuwa da ita kuma ba na son a cuce ta. Akwai dubarar hana ta? Kuma da me zan dinga ɗauke mata hankali in ina aiki?

Ɗan Sabon Gari:

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ni a ganina in kulle ta kike yi a ɗaki to shi ne ya kawo haka. Kyanwoyin gidanmu tun muna yara ba wanda ya taɓa saya musu abin wasa, suna hawa katanga su bi ƙadangare su kama fara su dawo a gajiye su kwanta, ba ruwansu da kujera. Ki rufe ƙofar salon kawai ki bar ta ta sha iska a tsakar gida, in kin kama ta a kan kujera ki watsa mata ruwa da buta, za ta bari.

Mai Karatun Kiwo:

Ƙanwata sannu da haƙuri. Maganar rufe salon da yaya na sama ya kawo daidai ce, amma watsa ruwa da duka ban yarda da su ba, abin da kyanwa ke koya daga nan shi ne tsoronki, sai ta jira kin tafi kasuwa ta ci gaba da aikinta.

Abin da nake so ki fara ganewa, ba za ki iya hana ta karta ba, haka Allah ya halicce ta, sai dai ki canza mata wurin da take yi. Ƙumbar kyanwa ɓawo kan ɓawo take girma, na waje in ya tsufa dole ta goge shi ya fita sabon mai kaifi ya bayyana, ki duba gindin kujerar nan da kyau za ki tsinci 'yan ɓawon ƙumba farare a ƙasa. Sannan miƙa ce take yi, shi ya sa yawanci daga tashi barci take nufar wurin. Na ukun shi ne wanda mutane ba su sani ba, a tafin ƙafarta akwai wasu ƙananan wurare masu fitar da wari wanda hancinmu ba ya ji, duk inda ta karta ta bar shaida ke nan cewa nan gidanta ne. Shi ne dalilin da ya sa take komawa hannun kujera guda ɗin nan ba ta taɓa sauran ba, kuma shi ya sa ta zaɓi inda kuke zama ana wucewa, ba bayan ɗaki ba.

To ga abin yi. Ki sa kafinta ya kafa miki guntun icce a kan faffaɗan katako, tsawonsa ya kai kamar santimita 80 zuwa mita ɗaya don ta iya miƙewa gaba ɗaya a jikinsa, a naɗe shi tam da igiyar rama ko ta kaba tun daga ƙasa har sama, a kula kar kan ƙusa ya fito. Abu mafi muhimmanci kar ya yi rawa, in ta jingina ya motsa ko ya faɗo mata sau ɗaya ba za ta sake kusantarsa ba, kujerar ma ai don ba ta motsi ne take son ta. Ki ajiye shi dab da hannun kujerar da ta yage, ba a lungu ba, sai ta saba da shi sosai sannan ki dinga janye shi kaɗan-kaɗan zuwa inda kike so. Shi kuma hannun kujerar ki goge shi da ruwa da sabulu don warin ya ragu, ki lulluɓe shi da leda mai kauri na wasu makonni, ba sa son abu mai santsi da ƙumba ba ta kamawa, za ki iya zuba ɓawon lemu a gindin wurin don yawancinsu ba sa son ƙanshinsa. Tim-tim ɗin kakarki kuwa ki ɗauke shi ki ɓoye tukuna, fata in ta sha ƙumba ba ta komawa.

Maganar cire ƙumba gaba ɗaya dan Allah ki lallashi Hajiya ta bar ta. Ba yanke farce ba ne, ƙashin ƙarshe na kowane yatsa ake guntulewa, kamar a yanke wa mutum yatsunsa daga gaɓar farko. Wasu har ƙarshen rayuwarsu suna ɗingishi, wasu su koma cizo tunda an raba su da abin kare kai. A Faransa da Ingila da Jamus doka ta hana, jihar New York ta Amurka ma ta haramta shi a 2019. Balle a nan da kyanwa ke buƙatar haye katanga in kare ya biyo ta.

Hajiyar Mirya:

Ɗiyata Allah ya ba ki ladan tausayin dabba. Ki gaya wa surukarki cikin ladabi, ai ta san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, kuma ta san inda Abu Huraira ya samo laƙabinsa. Dabbar da Manzon Allah (SAW) ya ce ba najasa ba ce tana cikin masu kewaya mu a gida, ba a yi mata mugunta saboda kujera.

Ni na daɗe ina kiwonsu kuma ban taɓa zuwa wurin kafinta ba. Tsohon turmin da gindinsa ya huje na kifar a ƙofar ɗaki, nauyi gare shi ba ya motsi, jikinsa duk ya yi kaca-kaca da ƙumba amma katifata lafiya lau. Sannan ki lura, wata a tsaye take so wata a kwance, taki tunda ta taɓa kujera ta kuma taɓa tim-tim to duka biyun take so, ki ƙara mata da tsohuwar tabarmar kaba ko buhun algarara ki naɗe a katako ki shimfiɗa a ƙasa. Ranar Alhamis ki shiga kasuwar Dole ta Damagaram za ki samu igiya da tabarma ba tsada. Kar ki kama hannunta ki goga a jiki da ƙarfi wai koya mata kike, tsorata za ta yi, ke dai ki karta wurin da farcenki ta ji ƙarar, ko ki ja igiya ta bi ta kai, da ta ɗora ƙumba ki ba ta ɗan guntun kifi ki shafa kanta.

Wasa kuma shi ne rabin maganin. Wata bakwai ai yarinya ce, ƙarfi ya yi mata yawa ba ta da inda za ta kai shi. Ki samu karan dawa ko 'yar sanda ki ɗaura igiya, a bakin igiyar ki ɗaure gashin zabo uku ko huɗu, ki dinga jan shi a ƙasa kina ɓoye shi bayan bido ko ƙarƙashin tabarma, kina tsayawa kina fizga, za ki ga ta laɓe ta kwantar da kunne tana kaɗa gindi sannan ta daka tsalle. Ki bar ta tana kamawa lokaci-lokaci, in kullum kuɓuce mata yake sai ta yi zuciya. Ƙwallon goriba da yara suka gama gwaguya ma ki jefa mata a kan siminti, ba ya tafiya a miƙe sai ya dinga kwana-kwana, nawa har ƙarƙashin gado suke bin shi. In kina aiki kuma ki ba ta kwali ki huda ramuka a jiki, ko robar ruwa ki huda ta ki zuba gutsattsarin busasshen kifi a ciki ta yi ta mirginawa suna faɗowa. Kar ki zube mata duka rana ɗaya, yau wannan gobe wancan.

Amma igiya da zaren kitso da zaren tela in an gama wasa a ɗauke a ɓoye, suna haɗiye shi ya naɗe hanji, na ga wadda ta mutu ta haka a maƙwabta abin ba daɗin gani.

'Yar Zango:

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Hajiya muna da tsohon turmi a bayan madafa yau zan sa a fito da shi. Yaya Mai Karatun Kiwo saura abu biyu, guje-gujen daren nan da kama ƙafar yara, don shekaranjiya ta karci ƙaramin a ƙauri har ya ɗan yi jini, na wanke na sa masa magani. Kuma ko zan iya rage mata tsinin ƙumbar da reza yadda muke yanke wa yara?

Mai Karatun Kiwo:

A'a ƙanwata banda reza, tana fizgewa za ki yanke ta ko ki yanke kanki. Abin yanke farce na kanti ya isa in yana da kaifi. Ki bari sai tana jin barci a cinyarki, ki ɗan matsa tafin a hankali ƙumbar za ta fito, ki duba a haske za ki ga bakin fari ne garau, can ciki kuma akwai wuri ja-ja, nan jini da jijiya suke kar ki kusance shi, ɗan tsinin da ya lanƙwasa kawai za ki cire kamar milimita 1 zuwa 2. Ƙumbarta 18 ne, biyar-biyar a ƙafafun gaba huɗu-huɗu a na baya, na gaban su ne masu ɓarna kuma ba dole ki gama su a zama ɗaya ba, in ta fara kaɗa wutsiya da ƙarfi ki sake ta sai gobe. Bayan mako biyu zuwa uku ki sake dubawa. In kuma yawo take fita waje sosai ki rage kaɗan kawai don ta iya hawa. Yankan ba zai hana ta karta ba fa, ɓarnar ce zai rage.

Guje-gujen dare ɗabi'arsu ce, kyanwa na barcin awa 12 zuwa 16 a rana, ƙarfinta da asuba da almuru yake tashi lokacin farauta. Ki yi mata wasan gashin zabon nan minti 10 zuwa 15 da safe, ki sake yi bayan isha'i har ta gaji, daga nan ki ba ta abincin dare, za ta ci ta lashe jikinta ta kwanta. Da tsakar rana lokacin zafi kar ki sa ta gudu, in kika ga ta buɗe baki tana haki ki tsaya ki ba ta ruwa a inuwa. Yara kuma ki hana su wasa da ita da hannu ko kaɗa mata yatsun ƙafa a ƙarƙashin zane, su ne ke koya mata cewa ƙafa abin kamawa ne, in ta cafko kar a fizge kar a yi ihu, a tsaya cak a jefa mata goriba.

Batun yaron shi ne ya fi damuna. An yi mata allurar rigakafin haukan kare? Kyanwa ma tana ɗauka kuma tana sa wa mutum, daga wata uku ake fara yi musu. In ba a yi ba kuma tana cuɗanya da na waje, ki kai yaron asibiti yau a duba shi kar ki jira, ita kuma ki kai ta ma'aikatar kiwo. Duk lokacin da ta karci wani ko ta cije shi a wanke da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15. In kika ga kaluluwa ta fito masa ko zazzaɓi nan da 'yan makonni ki faɗa wa likita kyanwa ce ta karce shi, akwai cutar da ƙuma ke yaɗawa tsakaninsu tana maƙalewa a ƙumba. In kin je ma'aikatar kiwon ki tambaye su maganin ƙuma na kyanwa, kar ki sa mata na kare ko na tumaki ko fiya-fiya, kuma ko da wasa kar a ba ta Paracetamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Ki tambaya har da maganar aikin hana haihuwa, don a watanninta ta isa neman muzuru, in ta fara kukan dare da birgima fitinar za ta ƙaru.

Ɗan Sabon Gari:

To na janye maganar buta. Sangen kuma da gari ya waye ki naɗe shi ki ɗaure sama inda ba za ta kai ba, irin wanda ake rabawa akwai maganin sauro a jikinsa bai kamata ta dinga taunawa ba. Inda ta huda ki ɗinke yau kafin dare saboda yaran.