Taƙaitawa: ƙwaya, fyaɗe da tsaron ɗalibai mata a Damagaram

'Yan uwa, ga abin da na tattaro daga maganganunmu.

1. Kusan kowa ya yarda cewa mai cutar da ɗaliba galibi wanda ta sani ne: saurayi, ɗan ajinsu, ko mai yi mata hidima. Shi ya sa ba ta ɗar-ɗar da shi.

2. Tramol, wiwi da maganin tari mai kodin suna dusashe hankali, mace ba ta hango haɗari da wuri. Kada ki sha lemon da ba a gabanki aka buɗe ba, don ana iya zuba ƙwaya a ciki.

3. Nan ra'ayi ya rabu. Wasu sun ce 'yan matan Jami'ar André Salifou su bar fitar dare. Wasu suka ce laifin mai fyaɗe ne, ko ta sha ko ba ta sha ba. Ina bayan na biyun, don zargi ke rufe bakin yarinya.

4. In abin ya auku, a garzaya asibiti kafin awa 72 don maganin kariya daga sida. Na hana ɗaukar ciki yana aiki har kwana 5. Kada ta yi wanka ko wanke tufafinta kafin likita ya duba ta. Batun kai ƙara wurin 'yan sanda kuwa, wasu na gudun surutun unguwa, ba a daidaita ba.