Dokina ya fi ƙarfina, in sayar ko in ƙara haƙuri?

Ɗan Malali:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu harkar doki ku ban shawara, kwana da kwanaki ina juya maganar nan a raina. Wata 8 kenan da na sayo wani ingarma akawal a kasuwar Maigatari, shekararsa kamar 5, kyau kam ba a magana, in ya taho kowa sai ya waiwayo. Burina in shiga hawan Daushe da shi a Zariya cikin tawagar gidanmu kamar yadda mahaifinmu ya riƙa yi. Amma wlh tunda ya zo ban taɓa hawansa hankalina kwance ba. Da ya ga sirdi zai fara tutsu, in na sa ƙafa a likkafa kafin in zauna ya zabura, in kuwa keke napep ya gifta kusa da mu sai ya miƙe tsaye da ƙafa biyu. Sau 3 yana kayar da ni, na ƙarshen a bakin kogi mun fita kilisa, sati biyu ban iya ɗaga hannuna ba. Satin da ya wuce kuma ya kai wa yaron da ke yi masa ciyawa harbi, Allah ne ya tsare.

Gaskiyar magana yanzu tsoronsa nake ji kuma shi ma ya gane. Amma da asuba in na fito ya yi min haniniya sai in ji ba zan iya rabuwa da shi ba, ga kuma kunyar a ce doki ya kore ni. Ya zan yi?

Baban Barga:
Wa alaikumus salam ɗana. Allah ƙara kiyayewa. Kafin ka yanke masa hukunci ka duba abu uku, don doki ba ya magana, da tutsu yake faɗin ciwonsa. Na farko bayansa, ka bi da yatsunka tun daga doro har ƙugu kana dannawa a hankali, in ya lanƙwasa ko ya kwantar da kunne to sirdin na cinsa, wani lokacin gyambon na ƙarƙashin gashi ba ka gani. Sai baki. Linzamin gargajiya irin namu mai zobe yana da kaifi, in hannun mahayi ya yi nauyi yanka harshe yake, ga haƙoran doki ba sa daina tsiro, gefen turame kan yi tsini ya riƙa sukar kumatu, likitan dabbobi ne ke goge su. Akwai asibitin koyarwa na dabbobi a ABU Samaru, tunda ba nisa. Sannan abinci, mutanenmu suna ɗura wa ingarma dawa da gero safe da yamma alhali yana ɗaure a turke sati guda bai fita ba, to ina ƙarfin zai je? Ka rage hatsi, ka ƙara harawa da ciyawa, a riƙa fitar da shi kullum ko da ja ne da ragama.

Na Tudun Wada:
Ni dai ban goyi bayan sayarwa ba gaskiya. Wata 8 me aka yi? Ka je wajen masu kula da dawakin folo a Dandalin Murtala da ke Kaduna, yaran nan aikinsu kenan tun suna ƙanana, ka ba ɗaya ya riƙe maka shi wata biyu ka ga yadda zai dawo. Doki mai zuciya shi ake nema, lusari ai kowa ma na da shi.

Abu Kawo:
Na Tudun Wada kai haƙuri, irin wannan maganar ce ta sa na riƙe wani doki danda shekara 2 ina ta cewa gobe zai gyaru. Na kai shi horo, a hannun mai horon lafiya lau kamar tunkiya, ina karɓa sati ɗaya ya koma gidan jiya, saboda matsalar ba ta dokin kaɗai ba ce, ni ne in na hau jikina ya sandare na ƙanƙame linzami, shi kuma yana jin haka a bakinsa da cikinsa sai ya ƙara firgita. Ƙarshe dai da karayar ƙashin kafaɗa muka rabu. Wanda ya saya har sukuwa yake da shi yanzu, ni kuma na sayi wani kili mai shekaru wanda ya sha hawan sallah ya saba da bindiga da kalangu, 'yata ma tana hawa ina riƙe. Ɗan Malali ka tuna fa hawan Zariya ba fili ba ne, ga harbin 'yan bindiga, ga algaita, ga yara cike da bakin titi. Dokin da keke ke firgitarwa kar ka shigar da shi nan, ba ranka kaɗai ba ne.

Maman Ummi:
Ni ban san doki ba amma maigidana na da shi, yaron nan da aka kai wa harbi shi ya tsaya min a rai, ɗan mutane ne fa. In za ka sayar dan Allah ka faɗa wa mai saye komai, tutsun da harbin duka, a addini ba ya halatta a ɓoye aibin kaya. Kar a bar dillali ya rufe.

Ɗan Malali:
Na gode ƙwarai, Allah saka da alheri. Baba na duba bayan jiya da yamma kamar yadda ka ce, kuma akwai wurin da in na taɓa yake zillewa, na ajiye sirdin, likita zai zo ran Asabar ya duba har bakin. Amma Abu Kawo maganarka ta shige ni, don ko ya warke ni na san hannuna ba zai daina rawa a kansa ba. Na yanke shawara zan yi masa magani ya warke tukuna, ba zan fitar da shi da ciwo ba, sannan in nema masa wanda ya fi ni hannu, ba kasuwa zan mai da shi ba. Hajiya in sha Allah ba abin da zan ɓoye, ko kuɗin ya ragu. Yaron kuma na hana shi shiga bargar, ni nake zuba ciyawar da kaina.

Baban Barga:
Madalla ɗana. Wanda zai saya ka sa ya zo ya hau a gabanka kamar sau uku, ka kuma je ka ga bargarsa da idonka kafin ka karɓi ko sisi.