Comcast da Charter a harkar layin waya: dabara ce ko zaman haya?

Injiniya: Assalamu alaikum. Maganar da na yi jiya aka ce na yi kaushi, har yanzu ina kanta. Kamfanonin talabijin na kebul a Amurka ba su shiga harkar wayar salula ba, raɓawa kawai suka yi. Xfinity Mobile da Comcast ya buɗe a 2017, da Spectrum Mobile na Charter da ya biyo baya a 2018, duka a kan turakun sabis na kamfanin wayar salula Verizon suke aiki. Sabis suke sarowa su liƙa sunansu su sayar. Wanda ba shi da turke ba shi da ta cewa, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Hajiya: Wa alaikumus salam. Injiniya, aro shi ne abin da aka ba ka don alfarma. Wannan ciniki aka yi. A 2006 Comcast da Time Warner Cable da Bright House da wasu abokan haɗin gwiwarsu suka shiga gwanjon gwamnati, suka sayi zangon sadarwa, wato izinin amfani da mitar iska da sabis ɗin waya ke bi, na kusan dala biliyan 2.4. Suka ajiye shi ba su kafa komai a kai ba. A ƙarshen 2011 suka amince su sayar wa Verizon a kan dala biliyan 3.6, kuma cikin sharuɗɗan cinikin har da damar su riƙa sayen sabis a wurinsa a farashin sari. Ga riba a kan zangon, ga ƙofa a buɗe. Charter ma ta nan ya samu shiga, tunda ya saye Time Warner Cable da Bright House a 2016 ya gaji yarjejeniyar.

Injiniya: To ai kin kawo min hujja. Sun riƙe zango shekara biyar sun kasa gina komai, suka miƙa wa mai iyawa.

Malam: Ba kasawa ce kaɗai ba, sun sha wuya ne. Ku tuna da Pivot, haɗin gwiwar da suka yi da kamfanin wayar salula Sprint, wanda ya watse a 2008. A shekarar kuma Comcast ya zuba sama da dala biliyan 1 a Clearwire, kamfanin intanet mara waya, bai ga abin kirki ba. Cox, wani kamfanin kebul, shi ne ya yi abin da Injiniya yake so, ya fara gina nasa turakun, ya tsaya a hanya, ya rufe harkar a farkon 2012. Da ya dawo a 2023, a kan turakun wa ya dawo? Na Verizon. Cablevision, shi ma na kebul, ya gwada ta ɗaya gefen a 2015 da Freewheel, wayar da ba ta aiki sai da Wi-Fi. Wa zai sayi wayar da za ta mutu da zarar ya hau babban titi? Ba ta daɗe ba ita ma. Duk waɗannan Comcast ya gani kafin ya zaɓi hanyarsa.

Ɗan Auta: Allah ya gafarta Malam, ni abin da ya ɗaure min kai shi ne, idan suna biyan Verizon a kan datar da mutum ya sha, ta yaya suka sayar da araha? An ce da farko a Xfinity Mobile dala 12 ne kowane giga.

Hajiya: Haka ne, dala 12. Sirrin yana cikin gida. Ka lura da kanka, yawancin lokacin da kake danna waya kana gida ko wurin aiki. A can duk waɗannan wurare akwai Wi-Fi, kuma wayar da ta shigo da intanet ɗin cikin gidan ta Comcast ce. Na'urar da suke ba mutane haya tana buɗe wata ƙofar Wi-Fi ta daban don sauran kwastomominsu da ke wucewa, shi ya sa lokacin ƙaddamarwa suke maganar wurare miliyan 16. Comcast da Charter suna cewa kusan kashi 90 cikin 100 na datar wayoyin ta hanyoyinsu take bi. Ragowar ce kawai ake biyan Verizon.

Alhaji: Ku bari ɗan kasuwa ya sa baki. Duk kuna kallon layin, ni kuma sharaɗin nake kallo: ba a sayar maka da layin sai kana da intanet ɗinsu na gida. Nan maganar take. Ribarsu mai tsoka tana cikin intanet na gida. Talabijin ya zama kaya, mutane suna yanke shi suna komawa Netflix da YouTube, masu tashoshin wasanni kuma kullum ƙara musu kuɗi suke. Da can talabijin ne yake riƙe musu mutum. Da ya daina, suka nemo layin waya ya maye gurbinsa. Magidancin da ya ɗora layinsa da na matarsa da na 'ya'ya a takardar biya ɗaya da intanet, kafin ya sauya kamfani sai ya yi tunani sau bakwai. Ko layin bai kawo riba mai yawa ba, ya yi aikinsa.

Injiniya: Alhaji, ranka ya daɗe, ya yi aikinsa ɗin? Mu duba. Layukan sun ƙaru, ban musa ba. Comcast ya rufe 2024 da layi miliyan 7.8, Charter ya haura miliyan 10 a farkon 2025. Amma a daidai wannan lokaci kwastomomin intanet na gida raguwa suke yi a kamfanonin biyu. Wa yake kwashe su? Kamfanonin wayar salula, T-Mobile da Verizon, da akwatin 5G da ake ajiyewa kusa da taga, ba a ja waya ba a haƙa rami. Wato wanda kake biya kuɗin haya yana shigowa ta bayan gida yana ɗauke maka ainihin cinikin. Sannan layukan nan da ake tutiya da su, tun ƙarshen 2022 Charter yake ba da layi ɗaya kyauta na shekara guda. Kowa ya iya tara jama'a da kyauta.

Alhaji: Tambayar ita ce, ba don layin ba, da nawa za su rasa?

Injiniya: Wannan kuma hasashe ne.

Malam: Hasashe ne, amma naka ma na cewa mai turke zai juya musu baya hasashe ne. Me zai sa Verizon ya yi haka? Kuɗi ne ke shigo masa ba tare da ya buɗe shago ko ya biya talla ba. Idan ya ƙi, akwai mai karɓa. A Yulin 2025 Comcast da Charter suka ƙulla da T-Mobile don layukan kamfanoni da 'yan kasuwa. Saƙo ne aka aika wa Verizon.

Hajiya: Kuma ba gaskiya ba ne a ce ba su da zango ko kaɗan. A gwanjon wani zango da ake kira CBRS a 2020 kowannensu ya kashe sama da dala miliyan 450. Wannan zango ba ya cin dogon nisa, amma ya dace da ƙananan na'urori da ake ratayawa a kan wayoyinsu da suke kan falwaya tun tuni. Inda jama'a suka yi cunkoso, kuɗin da ake biyan Verizon ya yi yawa, nan suke sa nasu. Ƙauye da dajin da ba kowa kuma su bar wa mai turke ya ji da shi.

Injiniya: Hajiya, kin tsallake ɗaya. Zangon 600 MHz, mai cin dogon nisa, wanda da shi ake rufe ƙasa da sabis, Comcast ya saye shi dala biliyan 1.7 a 2017. A 2023 ya amince ya sayar wa T-Mobile. Mai niyyar tsayawa da ƙafarsa ba ya rabuwa da wannan.

Hajiya: Wa ya ce maka suna da wannan niyyar? Kai ka ɗora musu ita.

Ɗan Auta: Anti, to a nan gida fa? Na ji hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta ba kamfanoni lasisin irin wannan sarin sabis a 2023. DStv ba zai iya kwaikwaya ba?

Hajiya: Lasisin kam an bayar. Amma DStv faranti ne a kan rufi, ba shi da wayar da ta shiga ɗakin kowa. Ba shi da Wi-Fi ɗin da zai sauke wa nauyin, don haka duk gigar da aka sha sai ya biya mai turke. Sannan mu nan da datar waya muke yin kusan komai, har kallo.

Injiniya: A wannan kam ba mu da saɓani.

Alhaji: Sai ku ƙara da cewa a Mayun 2025 Charter ya sanar da shirin haɗewa da Cox a cinikin dala biliyan 34.5. Mai sari idan ya ƙara girma, farashin da yake nema a wurin dila ma sauyawa yake. Injiniya, kai da za ka zauna a kujerar Verizon ranar sabunta yarjejeniya, ƙara musu kuɗi za ka yi ko rage musu?

Injiniya: Ƙarawa zan yi, in ga inda za su kwashi layi kusan miliyan 20 su kai a dare ɗaya.